Kashi uku kacal, har an yanke mata hukunci

Abin da ke ƙona min rai da wasu masu kallon katun na sararin samaniya shi ne gaggawar yanke hukunci. Mutum ya kalli kashi uku kacal, sai ya fito yana kumfar baki: wance ta cika surutu, wane ragon banza ne, a kashe su kowa ya huta. Haba jama'a! Labarin da zai ɗauki shekaru ana warware shi, kai kana so jarumi ya zo maka a dafe tun ranar farko?

Ku tuna Ahsoka Tano. Da ta bayyana a The Clone Wars, wani katun na Star Wars, a 2008, yarinya ce 'yar shekara 14, ga rawar kai ga tsiwa, tana mayar wa malaminta Anakin magana. Zagin da ta sha ba kaɗan ba ne. Alhali wannan rawar kan ita ce tushen labarin. Mun ga ta ƙi bin umarni a fagen yaƙi, matuƙan jiragenta suka mutu, abin ya tsaya mata a rai. Daga baya aka yi mata ƙazafi, ta juya wa ƙungiyar mayaƙan da take ciki, wato 'yan Jedi, baya a ƙarshen zango na biyar. Wallahi ranar sai da na yi hawaye. Da tun farko natsattsiya ce, da tafiyar nan ba ta taɓa zuciyar kowa ba.

Yau masu zaginta su ne ke cewa babu kamarta, kuma sun koma kan sabuwar yarinyar wani shirin da zagi iri ɗaya.