Tseren Masu Shigar Dodo Ba Ya Cikin Makin Besbol

Mutane da yawa, idan suka ga bidiyon wasu masu sanye da manyan kawunan dodo suna tsere a filin besbol (wasan ƙwallon da ake bugawa da sanda) a Amurka, sukan ɗauka cewa ƴan wasan ne, ko kuma nasararsu tana ƙara wa ƙungiya maki. Ba haka ba ne. Ana yin wannan tsere ne a lokacin ɗan hutun da ƙungiyoyi ke musayar matsayi tsakanin masu bugun ƙwallo da masu tsaron fili, domin a nishaɗantar da ƴan kallo, kuma waɗanda ke cikin shigar ba ƴan wasa ba ne.

A birnin Washington, ƙungiyar Nationals ta fara tseren shugabannin ƙasa a shekarar 2006, inda mutane huɗu ke sanya siffar tsoffin shugabannin Amurka, wato George Washington da Thomas Jefferson da Abraham Lincoln da Theodore Roosevelt, suna gudu kawunan na rangaji. Da gangan aka riƙa hana mai siffar Roosevelt cin nasara, har ya sha kaye fiye da sau 500, magoya baya suna ta kiran a ƙyale shi ya ci, kafin ya yi nasararsa ta farko a watan Oktoban 2012.