Tsohon maganin da ya zama sabon ilimi, da abin da ke damuna game da gida

A nan Dundee ta ƙasar Sukotlan, jami'a tana da cibiya guda da Farfesa Alessio Ciulli ke jagoranta, wadda aikinta kacokan shi ne neman magungunan da ke rusa furotin mai haddasa cuta. Yawancin magungunan da muka sani toshe furotin suke yi, su hana shi aiki muddin suna cikin jini. Wannan sabon nau'in magani kuwa dillali ne. Hannu ɗaya ya riƙe mugun furotin, ɗayan ya jawo wani sinadarin jiki da zai manna masa alamar yubikwitin, wato tambarin da ke nuna cewa shara ne, sai injin sharar ƙwayar halitta ya niƙe shi. Daga nan dillalin ya saki, ya nemi na gaba. Craig Crews da Raymond Deshaies ne suka fara nuna dabarar a 2001, kuma a 2019 kamfanin Arvinas ya fara gwada irin wannan magani a jikin mutane.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne talidomaid. Shi ne maganin da aka fara sayarwa a Jamus a 1957, mata masu ciki suka sha, aka haifi jarirai sama da 10,000 da naƙasassun hannuwa da ƙafafu. Sai a 2010 masu bincike a Japan suka gano furotin da yake kamawa, wato sereblon, a 2014 kuma aka tabbatar ƙanen talidomaid, wato lenalidomaid, rusa wasu furotin biyu yake yi wajen kashe sankarar ɓargo. Ashe tun tuni ana wannan aiki ba tare da an sani ba.

Talidomaid kuma yana asibitocinmu na Najeriya, ana ba masu sankarar ɓargo saboda ya fi sababbin magunguna araha. Ban ga laifin haka ba, yana tsawaita rai. Amma a Birtaniya macen da za ta iya ɗaukar ciki ba ta karɓarsa sai an yi mata gwajin ciki duk mako 4, ba a rubuta mata fiye da na mako 4, namiji ma ana gargaɗinsa game da matarsa. A gida fa? Mu da maƙwabciya ke cewa "yaya, ɗan sam mini ƙwaya biyu, ƙashina ke ciwo", mu da ake sayen magani a kemis ba takardar likita. Ƙwaya ɗaya a farkon ciki ta isa.

Ina son wannan ilimi, kuma ina fatan ɗalibanmu na harhaɗa magunguna a Zariya da Kano su shige shi da ƙarfi. Sai dai kafin sababbin su iso da tsadarsu, NAFDAC da asibitocin koyarwa su ɗaure wanda ke hannunmu da ƙa'ida: rajistar duk mai sha, gwajin ciki kyauta, da gargaɗi da Hausa a jikin kwali wanda mai jinya zai iya karantawa.