Ranar da zane ya kayar da ni

Ƙanwata ce ta jawo min. Wata uku tana zarya marinar Ƙofar Mata, aka rina mata ƙyallaye da baba, ta harhaɗa su suka zama zane guda, faɗi mita 6, tsayi mita 4, wai za a baje kolinsa a fili. Saura abin ratayawa. Ni kuma bakina ba linzami, na ce ai aikin rabin yini ne.

Na zana, na sayo bututun ƙarfe mai inci ɗaya a Ƙofar Ruwa, mai walda ya haɗa. Nauyin zanen har sau biyu na auna. Iska ce ban sa a lissafi ba, ga shi Janairu, hunturu na kaɗawa.

Muna kafawa Baba maigadi ya matso, ya girgiza ƙarfen da hannu ɗaya. "Ɗana, ba za ka sa masa tokari ba? Ko mai rumfar tumatir yana danne ƙafarta da dutse." Na ce, "Baba, a bar wa masu ilimin abin." Har da gyara biro a aljihu.

Ko minti goma ba a yi ba. Zanen ya sha iska ya yi tumbi, ƙafafun suka ɗaga. Mai hankali gudu zai yi. Ni rungumar ƙarfen na yi, wai zan riƙe. Ya ja ni taku uku, sannan ya kwanta a kaina a hankali, kamar mai jin tausayina. Ina ciki ina lalube ina salati, sai na jiyo ƙanwata: "Yaya, don Allah kar ka yaga min!" Ko sannu babu. Na rarrafo ta gefe, hula ta yi nata wuri, gumi ya jiƙa rinin, farar shaddata da goshina duk shuni.

Duk wannan bai ƙona min rai kamar mai raken bakin ƙofa ba.  Mutumin da tun azumi yake riƙe min canjin naira 500, shi ne ya ajiye wuƙa ya zauna a ƙasa don ya ji daɗin dariya. Har kiran ɗan adaidaita ya yi ya zo ya gani. Yanzu in na wuce sai ya ɗaga rake ya ce, "Injiniya, ga tokari!"

Baba dai bai ce uffan ba, buhunan yashi huɗu ya nuna min da sanda. Canjin nan har yau.