Hoton Kaka Yana Nan, Ina Naka?

Assalamu alaikum, 'yan'uwana matasa.

Ku shiga ɗakin Hajiya ko na Inna ku ce ta nuna muku hoton marigayi Malam. Ba za ta yi dogon nema ba. Za ta jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado, ta ɗaga zannuwan da ba a ɗaurawa sai da salla, ƙanshin kafur ya tashi, ta zaro wata ambulan mai ruwan ƙasa da aka naɗe cikin tsohon ɗankwali. Hotunan ciki da wuya su kai ashirin. Ga na ranar dawowa daga Makka, ga ɗan fasfo da tsatsar fil ta ci kusurwarsa, ga wanda aka jera yara a situdiyo kowa ya ƙame da sabon ɗinki, hatimin mai hoto a bayansa. Kowane ɗaya ta san shekararsa, ta san wanda ke tsaye a gefe, har telan da ya ɗinka rigar tana iya gaya maka.

To kai mai hoto dubu shida a waya, nemo mana na ranar da ka gama sakandare, shekara takwas kacal da suka wuce. Amsoshin duk mun san su: yana tsohuwar wayata, an sace ta a kasuwa, memorin ya ƙone, mai gyara ya yi mata filashin, na manta kalmar sirrin. Wannan asara ce ta gaske, kuma muna yin ta kullum ba tare da ta dame mu ba, sai ranar da aka yi rasuwa aka shiga neman fuskar mamaci a wayoyin dangi.

Dalilin da ya sa iyayenmu ke riƙe hoto da hannu biyu a fili yake. A zamaninsu fim guda hoto 24 ko 36 yake ɗauka. Ana biyan mai hoto, ana biyan kuɗin wanki, kuma ba mai ganin yadda ya fito sai bayan kwanaki. Don haka ba a ɗauka sai da dalili, ana wanka, a sa kaya, a tsaya da kyau. Mu kuwa hoto ya zame mana kamar gaisuwa, a ɗauka, a ɗora a sitatus, bayan awa 24 ya wuce. Ba laifi a cikin wannan. Wayar ce ta sa kaka a Gusau take ganin jikanta da aka haifa a Jidda tun kafin a yi suna. Amma kada ku yi wa tsoho dariya idan ya ce "a wanko mini". Ya san abin da ke hannunsa ba ya buƙatar caji, ba ya buƙatar data, ba ya kuma tambayarsa lambar da ya manta.

Bari mu bi ta inda hotunanmu ke salwanta, don sai an san kafar da ruwa ke shiga sannan ake toshewa.

Na farko WhatsApp. Kyamarar waya mai megafiksel 12 tana ba da hoto mai fiksel, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto, 4,000 a tsawo da 3,000 a faɗi. Idan ka tura shi ta hanyar da aka saba, manhajar tana matse shi, dogon gefensa ya dawo kusan fiksel 1,600, nauyinsa ya ragu ƙwarai. A allon waya ba za ka ga bambanci ba. Ranar da ka kai shi a faɗaɗa a sa a firem, nan fuska za ta fito dishi-dishi. Mafi muni shi ne hoton da aka ɗauko daga allon waya bayan wani ya sa a sitatus. Da yawan hotunan biki da ke hannunmu irin waɗannan ne, na asalin yana wayar wani abokin ango da ya riga ya sayar da ita. Idan hoton na ajiya ne, ka ce a turo maka shi a matsayin dokumen, domin ta nan ba a taɓa shi, ko aƙalla a danna alamar HD kafin a tura. Kuma ka nema a satin bikin, kada ka bari sai baɗi.

Na biyu memori. Akwai na jabu da yawa a kasuwa: a jiki an rubuta 64GB, waya ma ta nuna 64GB, alhali ainihin cikinsa bai wuce 8GB ba. Zai yi ta karɓar hotuna lafiya lau har ya cika cikinsa na gaskiya, daga nan duk abin da ka ƙara ko dai ya lalace ko ya danne na baya, sunan fayil yana nan amma ba ya buɗuwa. Kafin ka amince da sabon memori, cika shi fam da bidiyo daga kwamfuta, sannan ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Ko na ƙwarai ma ba a yi shi don a jefa a durowa shekara da shekaru ba. Memori da filashi suna riƙe bayani ne da ɗan cajin lantarki a cikin ƙwayoyinsu, kuma cajin yana zirarewa a hankali, zafi irin namu yana ƙara masa sauri.

Na uku ajiyar intanet, wadda da yawanmu ke zaton ba ta da iyaka. Google 15GB yake bayarwa kyauta, kuma Gmail da Drive da Google Photos duk a cikinsa suke ci. Tun 1 ga Yuni 2021 ya daina ajiye hotuna kyauta ba iyaka, daga baya kwafin WhatsApp na wayoyin Android ma ya shiga cikin wannan lissafin. Idan kowane hoto ya kai 3MB, wurin zai ɗauki kamar 5,000, in ba bidiyo ke nan. Masu iPhone kuwa 5GB ne kyautarsu a iCloud. Idan wurin ya cika, ajiya tana tsayawa, kai kana nan kana zaton komai na hawa. Ka buɗe manhajar sau ɗaya a wata ka tabbatar. Ka kuma sani idan ka goge hoto daga cikin Google Photos, ya tafi daga waya da intanet gaba ɗaya. Zai zauna a kwandon shara kwana 60 in an riga an ɗora shi, bayan nan babu shi. Sannan Google ya sanar cewa asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba yana iya goge shi.

A nan ne matsalar da ta fi yawa a wurinmu take: mutum bai san adireshin imel ɗinsa ba, don mai shagon da ya sayar masa da waya ne ya buɗe masa. Lambar da aka ɗaura a asusun kuwa tsohon layi ne da ya yar, kamfani ya riga ya sayar wa wani. Waya na ɓata, ƙofa ta rufe. Yau ɗin nan ka shiga saitin wayarka, ka kwafi adireshin a takarda, ka sake kalmar sirri, ka sa layin da kake amfani da shi yanzu, ka ajiye takardar inda kake ajiye takardun makaranta. Rai na Allah ne, don haka mutum ɗaya amintacce a gidanku ya san inda takardar take. Wayar mamaci da aka kulle da zanen yatsa ko lamba, sau da yawa ba a buɗe ta sai an share duk abin da ke ciki.

Batun mai gyara gajere ne. Yi wa waya filashin yana nufin share duk abin da ke cikinta. Kafin ka miƙa ta, kwashe hotunanka, cire memori da layi. Ku 'yan'uwa mata, wannan ya fi shafarku, saboda hotunan cikin gida da ba a yi su don idon kowa ba. Haka nan kafin a sayar da waya ko a yi musaya, a fita daga asusu, a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani.

Yanzu ga abin da nake roƙonku. Sau ɗaya a shekara, a ce bayan babbar salla, zauna ka zaɓi hoto 30 ko 40 daga cikin dubban nan ka kai a wanke. Ka zaɓi na mutane: tsofaffin gida, yara, ranar suna, ɗaurin aure, saukar karatu, gidan gado kafin a rushe shi a raba. Girman da aka fi sani shi ne inci 4 da 6, kuma yana buƙatar fiksel 1,200 da 1,800 don ya fito tas. Mai inci 8 da 10 yana neman 2,400 da 3,000, wato dole sai na asali. Ka lura da wani abu: siffar hoton waya ba daidai take da takardar 4 da 6 ba, don haka inji yana datse sama da ƙasa, sai ka karɓo hoto ka ga an sare hular Baba. Ka ce a nuna maka a allo kafin a buga, ko ka zaɓi inci 6 da 8, wanda ya yi daidai da siffar hoton waya. Ka kai wurin masu injin wanki na gaske da ke aiki da takardar hoto, kada ka yarda da ƙaramar firintar tawada ta shagon buga takardu. Hoton irin wannan firinta, ɗigon ruwa ɗaya yake jagwalgwala shi, kuma launinsa yana saurin koɗewa.

Idan ka karɓo, juya bayan kowanne ka rubuta sunayen mutane daga hagu zuwa dama, da gari, da shekara, da abin da ya tara su. Da fensir mai laushi za ka rubuta, a gefe, hoton yana kan tebur mai tauri, ba tare da dannawa ba. Idan takardar mai santsi ce fensir ya ƙi kamawa, rubuta a 'yar takarda ka sa tare da shi a albam. Biro yana huda fuskar hoto, tawadarsa tana kuma shafar wanda ke ƙasa. Wanda ba ya son rataye hoto a bango saboda fahimtarsa ta addini, albam a cikin akwati ya wadatar.

Sai hotunan iyayenmu, waɗanda mu matasa muke ɓatawa da kyakkyawar niyya. Babban kuskure shi ne laminetin. Zafi da gam suna manne ledar da fuskar hoton har abada, in danshi ya shiga ta gefe sai ya kumbura ya yi fumfuna, kuma ba a iya ɓare shi ba tare da fuskar ta biyo leda ba. Kada a yi wa hoton da ba shi da na biyu. Salatif yana komawa ruwan ɗorawa ya bar tabo. Robar ɗaure kuɗi tana narkewa ta liƙe. Albam mai shafi mai danƙo yana cin bayan hoto. Firem da hoton ya jingina kai tsaye da gilashi, damina biyu ko uku sai su haɗe. A sa kwali mai taga a tsakani, a kuma rataye inda rana ba ta dukansa. Akwatin kansa a ɗaga shi daga ƙasa, a nisanta shi da bangon da ke tsatsafo da ruwa, saboda gara da laima, a jefa 'yan ƙunshin ƙwayoyin shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. In kun ga fim ɗin asali, waɗannan siraran ledoji masu duhu, kada ku zubar. Daga gare su ake fitar da hoton da ya fi na takardar kyau.

Wanda ya ga abin da ambaliyar Maiduguri ta yi a watan Satumba na 2024 ya san takarda ma ba ta da tabbas. Idan hotuna suka jiƙe, kada a bari su bushe a manne. A sa su a ruwa mai tsabta mai sanyi, a raba su a hankali, ba a goga fuskar, a shimfiɗa kowanne fuska sama kan kyalle a inuwa inda iska ke wucewa. Ba rana, ba dutsen guga.

Saboda haka kowane hoton da ke cikin ambulan ɗin Hajiya ya kamata ya sami kwafi. Sikana ta fi, a ce wa mai shago ya saita ɗigo 600 a kowane inci idan hoton ƙarami ne. In babu, waya ta isa: goge gilashin kyamara, fito tsakar gida da safe ka zauna a inuwa, kashe fitilar kyamara, shimfiɗa hoton, riƙe wayar a miƙe samansa ba a karkace ba. Manhajar PhotoScan tana ɗauka daga kusurwa huɗu ta cire ƙyalli. Ɗauki bayan hoton ma idan da rubutu ko hatimi. A gaban Hajiya za ka yi, kada ka ce za ka tafi da su ka dawo; ta haka hotunan gidaje da yawa suka watse. Kwafin ya zauna wuri uku: wayarka ko kwamfuta, asusunka na intanet, da filashi a gidan yayarka da ke wata unguwa, wanda za a riƙa jonawa ana dubawa duk shekara.

Kuma yayin da kake ɗauka, kunna na'urar ɗaukar murya ka ajiye kusa da ita. Ɗaga hoto ɗaya-ɗaya ka tambaya: "Inna, wannan mai farin rawanin wane ne? Wannan yarinyar da ke riƙe da hannunki fa?" Ka sa wa kowane hoto lamba, ka faɗi lambar da bakinka kafin ta fara bayani, don gobe a san wace magana ce ta wane hoto.