Nasiha ga 'yan'uwana matasa kan waƙafin sama a rubutun Turanci

Assalamu alaikum. A makon jiya ina wucewa ta Titin Bauchi a nan Jos, idona ya faɗa kan allon wata makarantar kuɗi, an rubuta da jan fenti cewa ana neman "Teacher's" kuma ana ɗaukar sababbin "Student's". Wallahi raina ya ɓaci. Da a rumfar mai kayan miya na ga haka da na yi masa uzuri, amma wannan makaranta ce da iyaye ke biyan kuɗin zango da guminsu domin a koya wa 'ya'yansu Turancin nan.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda matasanmu suka ɗauka cewa duk kalmar da ta ƙare da harafin s sai an rataya mata waƙafi a sama. Ka zagaya Taminus ko Farin Gada ka karanta allunan shaguna, za ka ga "Shoe's and Bag's", ka ga "Phone's for sale", har da "Ladie's wear", wadda ba ta da gurbi ko kaɗan a harshen. Jam'i ba ya buƙatar wannan alama, 'yan'uwa. Takalma "shoes" ne, malamai "teachers" ne, shi ke nan. Wanda bai san alamar ba sam ba ya yin wannan ɓarna. Wanda ya ji ƙishin-ƙishin ɗinta a aji bai tsaya ya fahimta ba shi ke watsa ta kamar gishiri a miya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Aikinta biyu ne. Tana nuna mallaka: "the boy's book" littafin yaro ɗaya ne, "the boys' books" kuwa littattafan yara da yawa, sannan jam'in da bai ƙare da s ba a rubuta shi "children's" ko "women's". Tana kuma tsayawa a gurbin harafin da aka cire, kamar yadda "do not" ke komawa "don't". A nan ne "it's" ke kayar da masu digiri, domin ma'anarta "it is" ko "it has", alhali "its" ta mallaka ba ta ɗaukar komai, daidai da "hers" da "theirs".

Amma jam'in nan shi ne ciwon. Ana buga shi a katin ɗaurin aure, "Friend's of the groom", a raba wa ɗaruruwan mutane. Ana sa shi a takardar neman aiki, "five year's ago", sannan a dawo ana kukan cewa sai mai uwa a gindin murhu ake ɗauka. Idan ka yi gyara kuma a ce kana nuna iyayi, wai ai an gane abin da ake nufi, ko kuwa ai ba harshen uwarmu ba ne, alhali gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Masu wannan hujja su ne dai ke rubuta Hausar ma a waya babu ƙugiya, su mayar da "ƙasa" ta zama "kasa", su rubuta "'ya'ya" kamar "yaya". Ke nan sakacin ya riga ya zama ɗabi'a, kowane harshe aka ba su haka za su yi masa.

Wasu kan ce Turawan ma suna wannan kuskure. Gaskiya ne, har wani tsohon ɗan jarida a Ingila, John Richards, ya kafa ƙungiyar kare alamar a 2001, ya rufe ta a 2019 yana da shekara 96, yana cewa jahilci da lalaci sun yi nasara. To, kuskuren wani ba ya zama lasisi gare mu, kuma mai duba takardar WAEC ko NECO ba zai ƙara maka maki don Bature ma ya ɓata ba.

Ku riƙa tambaya, ku riƙa duba rubutunku kafin ku kai wa mai fenti ko maɗaba'a. A zamanin da muke firamare malami kan yi mana shifta, ya bi kowane littafi da jan biro, kuma kalmar da ka kuskure sai ka sake rubuta ta layi-layi kafin a tashi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, malamanmu kuwa sun san haka. Yau an daina shifta a makarantu da yawa, an koma sayen amsa a cibiyoyin jarrabawa, kuma wasu daga cikin waɗanda suka fito ta wannan hanya su ne yanzu ke riƙe da alli a gaban ƙannenmu.