Ranar da na dafa burodi da kanwar uwargida

Shekara uku na yi a Stuttgart ina karyawa da abu ɗaya kowace safiya, ban taɓa tambayar abin da ke cikinsa ba. Wani ɗan dunƙulen burodi ne da bai wuce tafin hannu ba, bayansa ja mai duhu yana ƙyalli kamar an shafe shi da mai, an tsaga samansa gida huɗu, an watsa masa gishiri mai manyan ƙwayoyi. Cikinsa kuwa fari fat, laushi kamar auduga. Mutanen wannan yanki na kudancin Jamus suna ce masa Laugenweckle. Ƙanin Brezel ne, mai harɗaɗɗun hannuwan nan da Amurkawa ke kira pretzel. Kwaɓinsu ɗaya, wankansu ɗaya, shi dai wannan ba a wahalar da shi da naɗi. In ka tsaga shi da ɗuminsa ka lafta masa bota ka kora da shayi, sai ka manta ana sanyi a waje.

Wani abokin aikina ɗan Turkiyya ne ya dagula mini lissafi. Ya same ni ina tauna, ya ce, "Ka dai tambaye su ko da man alade suke kwaɓawa?" Lomar ta tsaya mini a maƙogwaro, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Washegari na je gidan burodin da na saba, na tambayi matar da ke sayarwa. Ta washe baki cike da alfahari, ta ce ƙwarai kuwa, haka kakan mai gidan yake yi tun asali, kuma ba su taɓa canzawa ba. Na yi mata godiya, na fito ina jero istigfarin shekara uku a dunƙule.

Uwargida ta ce abin bai kai na tashin hankali ba. Gidajen burodi da yawa bota suke sawa ko man girki, in bi layi ina tambaya. Na ce ina! Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana awon sinadaran ƙasar noma a ɗakin gwaji, shi ne burodi zai gagara? Ta yi mini irin kallon da take yi mini duk ranar da na ce zan gyara famfo.

"To Malam, Allah ya ba da sa'a. Ni dai kada a taɓa mini tukwane."

Ranar Asabar na sayo fulawa, da bota, da ɗanyen yis irin nasu mai kama da babban dunƙulen magi, giram 42 cif, da ɗan ƙunshin bekin soda wanda su suke kira Natron. Lahadi da hantsi ta goya jaka ta ja 'yarmu suka tafi barkar haihuwa gidan wata ƙawarta. Kicin ya zama nawa.

Takardar da na kwafo ta ce fulawa giram 500, ruwan ɗumi mililita 300, gishiri giram 10, bota giram 40, sai rabin yis ɗin nan. Bajamushe ba ya girki sai da sikeli. Namu sikelin batirinsa ya mutu tun bara. Na ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Da na zo kan yis na tsaya ina tunani: rabin da zai rage me zan yi da shi, gado zan bar wa 'ya'ya? Na marmasa shi duka a ciki. Na murza kwaɓi har gumi ya karyo mini, na rufe na bar shi ya tashi, na yanka gida takwas na mulmula. Har zuwa nan, wallahi, ko ɗan gadon sana'ar sai dai ya nuna mini shekaru.

Sirrin wannan burodi ba a kwaɓi yake ba, a wanka yake. Kafin a gasa shi sai an tsoma shi cikin wani ruwa da suke kira Lauge. A gidajen burodi, sodar nan mai ƙona fata da matanmu ke haɗa sabulu da ita, irinta ce ake narkawa, amma tatacciya wadda aka yi don abinci, kashi uku zuwa huɗu cikin ɗari na ruwan, kuma mai tsomawar da safar hannu yake yi. Zafin gashi ne ke kashe mata kaifi, ta bar launin nan da ɗanɗanon da ba ka samu a wani burodi. Mu 'yan gida kuwa, masu tsoron asibiti, bekin soda muke zubawa a tafasasshen ruwa, kamar cokali uku a lita guda, a tsoma kowane dunƙule daƙiƙa 30 a tsame.

Abin da takardar ta faɗa a ƙasa da ƙananan haruffa, wanda ban karanta ba sai bayan an yi ɓarna, shi ne a rage wuta a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. Ni kuwa ruwa na tsakiyar tafasa na yage ƙunshin na juye shi kaf.

Tukunya ta yi wata irin ƙara, fuuu, farar kumfa ta taso kamar an zuba omo a bakin famfo. Kafin in ce innalillahi ta haye baki, ta malale murhu, ta gangaro ta jikin durowa, ta iso kan silifas ɗina. Na tsaya riƙe da ludayi, na rasa wa zan doka da shi. Da ƙura ta lafa na leƙa, abin da ya rage a tukunyar ko alwala ba zai isa ba.

Ga shi Lahadi ce. Wanda bai zauna Jamus ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke ruf, sai irin su gidan mai da 'yan shagunan babbar tashar jirgin ƙasa. Ba mai tebur a bakin layi, ba yaron da za ka aika ya ƙwanƙwasa wa mai shago. Na waiga wajen dunƙulena takwas, sai na ga yis ɗin da na ƙi raba gado da shi ya fara aiki. Sun kumbura sun haɗe kafaɗa kamar fasinjojin bayan a-kori-kura.

A nan ne ilimi ya zo ya cuce ni. Idona ya sauka kan wani gwangwanin madara a can saman kanta, inda uwargida ke ɓoye kanwar da mahaifiyarta ta aiko mata daga kasuwar Kurmi, wadda take gutsura kamar zinariya duk ranar da za a yi ɗan wake. Na ce tsaya! Ita kanwa mece ce? Ai sinadarin da ke cikin bekin soda yana cikinta, har da yayansa da ya fi shi ƙarfi. Kalmar Natron ɗin ma da Jamusawa ke taƙama da ita, sunan irin wannan gishiri ne da Misirawan dā ke haƙowa a kwarin Wadi Natrun. Mu kuma tamu daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga fatake ke kawo ta tun kaka da kakanni. Ashe shekara uku 'yar uwar kanwa nake ci a burodi, Bature yana karɓar kuɗina!

Har yau ina nan a kan bakana, lissafin daidai ne. Mai lissafin ne aka samu matsala da shi.

Na ɗebo kusan rabin gwangwanin na zuba a ɗan turminmu na shiga daka. Ban yi bugu goma ba na ji amsa daga ƙarƙashin ƙafata: ƙwan, ƙwan, ƙwan. Tsohuwar da ke zaune a hawan ƙasa ce, wadda muke kira Oma, wato kaka, take dukan silin da sandar tsintsiya. Ranar Lahadi a nan ko ƙusa ba a bugawa, balle turmi. Na naɗe sauran a tawul na riƙa murƙushe shi da kwalba kamar ɓarawo.

Tukunyar farko tana cikin halin da take ciki, don haka na jawo babbar tukunyar alminiyan ɗin uwargida, ta kayan aurenta, wadda ta biya kuɗin ƙarin kaya a filin jirgi saboda ita. Duk matar da ta san kicin ta san kanwa jiƙa ta ake yi, a bari ta kwanta, a tsiyaye ruwan sama a bar yashi a ƙasa. Ni masanin ƙasa, da yashin da komai na juye.

Ruwa ya tafasa ya yi kalar kunun kanwa. Na ɓamɓaro dunƙule huɗu na jefa, na ɗaga agogo zan ƙirga daƙiƙa 30. Sai waya ta ɗauki ruri. Hajiya ce daga gida, kiran bidiyo.

Don Allah a faɗa mini ɗan halak ɗin da zai gaisa da mahaifiyarsa cikin daƙiƙa 30. Na rusuna a tsakiyar kumfa. Ina kwana Hajiya, an tashi lafiya, ya ƙafar, ya mutanen gida. Ita ma ta ɗauko nata: ya sanyi, ya aiki, ina kishiyar tawa, ina ƙawata, an ce dusar ƙanƙara ta sauka, kana dai sa rigar sanyi ko? Daga nan ta shiga labarin rasuwar da aka yi a unguwa, dole a yi addu'a a shafa. Sai da ta ga tururi yana tashi a bayana ta ce, "Auta, me kake dafawa?"

Na juya mata wayar.

"Au, ɗan wake kake yi? Amma ka cika masa girma. Kuma ban ga alamar kuka ba."

"Burodi ne, Hajiya."

Ta yi shiru. Ta matso da fuskarta har sai da hancinta ya cika allon.

"Burodi ake dafawa a ruwa? Ina ita matar taka? Faɗa kuka yi?"

Da na tsame su sun yi kusan minti biyar suna iyo. Sun yamutse, sun yi santsi, kamar yatsun wanda ya wuni yana wanki. Sauran huɗun na yi musu wankan daidai ƙa'ida. Gishiri mai manyan ƙwayoyi ba ni da shi. Na ɗan tsaya a gaban kwalin gishirin injin wanke kwanoni, wanda ƙwayoyinsa suka yi kama da wanda ake bukata, sai na tuna ina da iyali. Na barbaɗa na miya. Na tsattsaga su da wuƙar da ko tumatir sai ta yi shawara take yankawa, na jera a kan takardar gashi ban shafa mata mai ba, na tura tanderun lantarki a zafin digiri 200.

Bayan minti 15 na buɗe, sai da na yi kabbara. Launi ya fito! Ja mai duhu, yana sheƙi, irin na gidan burodi sak, har huɗun Hajiya sun fi sauran kyau. Daidai nan uwargida ta turo ƙofa. Ban bari ta ajiye jaka ba na tare ta da lacca: wannan launi da take gani, wani masanin Faransa mai suna Maillard ne ya bayyana yadda yake samuwa tun 1912, shi ne dai ke sa tsire da ƙosai su yi ja, kanwa kuwa ingiza shi take yi ya yi sauri.

"Kanwa?" in ji ta. "Wace kanwar?"

Ba ta jira amsa ba. Ta bi sawun farin busasshen ruwan da ya yi taswira a ƙasa, ta ga gwangwani a buɗe, sannan ta leƙa tukunyarta. Cikinta ya koma baƙi ƙirin har zuwa inda ruwan ya tsaya. Alminiyan da ruwan kanwa mai ƙarfi ba sa ga maciji. Wannan ma na sani, a aji har na taɓa koyar da shi.

"Malam," ta ce a hankali, irin hankalin da ya fi ihu ban tsoro, "abu ɗaya na roƙe ka."

'Yarmu ce ta cece ni, ko in ce ta ƙarasa ni. Ta ɗauki ɗaya, takarda ta biyo shi manne a gindi kamar fosta. Ta gatsa ta sama, ta tauna sau biyu, ta ɓata fuska.

"Baba, irin lokacin da Mama ke mini wanka sabulu ya shiga bakina."

Ana haka aka danna ƙararrawa. Oma ce, ta hau bene da sandarta ta zo jin dalilin daka ranar Lahadi. Kafin ta buɗe baki ƙamshi ya riga ni ba ta haƙuri. Ta leƙa faranti, ta gyara tabarau, ta tambaye ni a wane kantin magani na samo Lauge. Na miƙa mata guntun kanwa. Ta jujjuya shi, ta shinshina, ta dube ni kamar na ce mata da dutse na yi miya. Sannan ta zaɓi ɗaya daga cikin huɗun da ba su ji gaisuwar Hajiya ba, ta ɓare takardar da farce, ta gutsura.

Muka yi tsit. Ana jin taunarta. Can sai ga wani ƙaras, yashin ƙasar Manga ya gamu da haƙoran roba na Jamus. Ta dakata, ta rufe ido, ta haɗiye da ƙyar. Ba ta ce uffan ba. Mutanen yankin nan suna da karin maganar da ke cewa in ba a yi maka faɗa ba, to an yaba maka ke nan. Na juya na kalli uwargida don ta shaida.

Da Oma ta samu bakin magana, tukunyar ta nuna. Ta ce a tafasa ruwa da lemon tsami a ciki, baƙin zai fita. Mu mun san kanwa ke kashe tsami, ranar na ga tsami ya rama. Na kai har bayan la'asar ina matsa lemo ina dirzar tukunya, uwargida na zaune a kujera tana lissafa mini watannin da za a yi ba ɗan wake a gidan kafin a samu mai zuwa daga Kano. Burodin kuwa ni na cinye shida a kwana biyu, ina tauna a hankali kamar mai tsince shinkafa da haƙori, don kada a ce an yi asarar fulawa.

Ranar Litinin da sassafe zan fita aiki na ga jakar takarda rataye a hannun ƙofarmu. Laugenweckle huɗu ne a ciki da ɗuminsu, da 'yar takarda an rubuta adireshin wani gidan burodi, a ƙasa kuma kalma ɗaya da manyan haruffa, an ja mata layi biyu: bota. A bayan jakar ta rataya ɗan allon nan na Kehrwoche, mai sanar da kai cewa sharar matakalar bene ta wannan mako taka ce.