Ranar da Na Kai Ahmed Musa Laminashin

Ƙanena da ke karatu a Ingila ya aiko da kwali ta hannun abokinsa, ya bugo waya ya ce, "Yaya, katunan 'yan ƙwallo ne guda 240, ka adana min kafin in dawo, akwai masu tsada a ciki." Na ce ya kwantar da hankalinsa. Ni da takardun gonar gado ke hannuna tun rasuwar Baba, kati ne zai gagare ni?

A ƙauyenmu na bayan Ringim, takarda in tana da daraja maganinta ɗaya, laminashin. Ranar kasuwa na zaro wanda ya fi ƙyalli, katin Ahmed Musa na gasar kofin duniya ta 2018, wadda ya zura wa Aisilan ƙwallo biyu, na miƙa wa mai shagon hoto. Inji ya haɗiye shi, ya fito da ɗuminsa kamar gurasa. Na ɗauki hoto na tura Ingila ina jiran godiya. Salati na samu, sau uku a jere.

Ashe ledar laminashin tana da gam a cikinta, zafi ke narka shi ya kama fuskar kati, kuma duk ranar da aka ɓare sai ya taho da fenti. Masu tantance kati irin su kamfanin PSA na Amurka, da ke ba da maki daga 1 zuwa 10, abu huɗu suke dubawa: kusurwa, gefe, fuska, da zaman hoto a tsakiya. Katin da aka liƙe ba ya ma shiga layi.

Na ce to, a bar zafi. Na sayo gidan katin shaida guda ashirin, irin wanda ma'aikata ke ratayawa a wuya. Kati ya ƙi shiga. Dalili kuwa, an yi gidan ne don kati irin na ATM, mai faɗin milimita 54, shi kuwa katin 'yan ƙwallo faɗinsa kusan 63 ne, tsawonsa 88. Mai hankali a nan zai mayar da kaya. Ni reza na ɗauko. Wani mai tsaron gida ya rasa safar hannunsa ta hagu kafin uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, kati kake yi wa kaciya?"

Sauran na kasa su gida uku. Kashi ɗaya na ɗaure da robar kuɗi, bayan wata biyu na sama da na ƙasa sun yi ƙugu kamar turmi. Kashi na biyu na zuba a tsohon albam ɗin bikinmu, mai leda mai kauri da warin sabon silifa. Wannan PVC ce mai laushi, maiƙon da ake sa mata don ta lanƙwasu yana tsattsafowa in ta ji zafi, ɗakinmu kuwa rufin kwano ne, ga watan Afrilu. Da na zaro wani ɗan baya, rabin lambar rigarsa ta zauna a albam tare da hoton surukata. Masu ƙyalli kuma na jera su a saman kabad kusa da taga don baƙi su gani. Baƙi sun gani, rana ma ta gani, jar riga ta koma ruwan hoda.

Sai da aka kai nan ƙanen nawa ya yi min karatu ta bidiyo, na shiga Kano na nemo kayan gaskiya. Farko 'yar leda mai laushi, mai faɗin kusan milimita 67 da tsawon 92, ɗari a ƙunshi. A duba a ga an rubuta PP, wato nau'in leda marar maiƙo, ko an ce babu PVC. Ita ce rigar ciki, kowane kati sai ya sa ta. Ana buɗe bakinta da ɗan yatsa, a fara zura kusurwa ɗaya a hankali, don a nan ne kusurwa ke tauyewa. Sannan kube mai tauri da ake kira tofloda, inci 3 da inci 4, mai baki a sama. Kada a saka kati tsirara a ciki: yana ɗan motsi, ƙwayar yashi ɗaya ta hunturu ta isa ta zana masa layi. A rufe bakin da tef ɗin masu fenti, ko a sa kuben cikin leda mai manne baki. Salatif yana barin danƙo, na gwada.

Inda na sake faɗawa rami shi ne kauri. Ana auna shi da foyin, foyin ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na inci. Kati na yau da kullum kuben foyin 35 yake shiga, wato bai cika milimita ɗaya ba. Amma akwai wani a kwalin mai ƙyallen riga a cikinsa, kaurinsa ya haura milimita uku, nasa kuben foyin 130 ne. Ni duk 35 na sayo, don ya fi araha. Na tura ya ƙi, na danna da babban yatsa, na ji ƙas. In kube ya yi kaɗan yana murƙushe gefe, in ya yi yawa kati ya riƙa yawo yana buga kusurwa. Akwai 55, 75, 100, 130 da 180, sai a gwada kafin a biya.

Na nunawa a falo, gida mai maganaɗisu ya fi, wanda aka rubuta yana tare hasken UV na rana mai koɗar da launi, shi ma da lambar kaurinsa, kuma duk da haka ba a bakin taga ba. Tarkacen da ba su da tsada albam mai aljihu tara a shafi ya ishe su, mai shiga ta gefe, kati ɗaya a aljihu. In mai zobe ne a nemi zobe mai siffar D, zagayayye yana danna katunan layin ciki.

Damina kuma nata salon daban. Kati mai ƙyalli takarda ce da fatar roba a fuska, takardar na shan laima ta kumbura, fatar ba ta sha, sai ya lanƙwashe kamar ɓawon gyaɗa. Yanzu suna cikin bokitin roba mai murfi, a tsaye, da ƙunshin silika biyar irin na kwalin sabon takalmi, a kan benci nesa da bango saboda gara.

Da muka yi lissafi, 31 sun tafi. Ƙanena ya ce in riƙe na laminashin kyauta, ba ya son ganinsa. Shi kaɗai ne a gidan ba ya tsoron ruwa ko rana. Jiya na tarar da uwargida tana kankare ƙullun ɗanwake daga roba da shi, ta ce duk gidan babu abin da ya kai Ahmed Musa kwashe ƙullu tas, in ƙanen nawa yana da wani a kai mata shagon mai hoto.